Ɗan Baba Tica

Elisha Shekari ya dawo Kaduna ne a ƙarshen bazara, lokacin da mangwaro ya cika kasuwa har yana ruɓewa a bakin titi. Ya bar garin yana saurayi, gashinsa baƙi wuluk. Ya dawo da sanda a hannu, da furfura har a gira. Abin da ke tsakanin tafiyar da dawowar ya haura shekara hamsin, kuma kusan duka a Amurka ya yi su.

Ƙanwarsa Rahila ce ta tarbe shi a tashar jirgin ƙasa ta Rigasa. Ta wuce ta gabansa tana ta leƙen fuskokin mutane, sai da ya kira sunanta sannan ta juyo. Ta tsaya cak, ta dafe ƙirji.

"Yaya! Wallahi na ɗauka Baba ne ya taso. Kai ne ka koma shi haka?"

Ya yi dariya, ita kuwa kuka ta fashe da shi.

A cikin mota ta fara roƙonsa ya sauka a gidanta, can ƙetaren kogi. Ta ce duk mutanensu sun koma can tun rikicin da aka yi shekarun baya, cocinsu ma yana can, kuma ba wanda ya sani da ya rage a Unguwar Dosa. Ya saurare ta har ta gama, kamar yadda ya saba sauraron mutane, sannan ya ce shi dai gidan mahaifinsu zai zauna. Ta san halinsa tun suna yara. Sai ta ce wa direba ya ɗauki hanyar Kawo.

Gidan yana nan inda yake, amma komai na kewayensa ya canja. Filin da suke buga ƙwallo ya zama shaguna. Gonar rogon da ke bayan gidan ta zama bene. Mahaifinsu malamin firamare ne, duk unguwa Baba Tica ake kiransa, kuma shi ya gina gidan da bulon ƙasa, daga baya aka shafe shi da siminti. Yanzu 'yan haya ne a ɓangaren ciki, wani direba mutumin Zamfara mai suna Sagir da matarsa Husaina. Ɗakuna biyu na gaba Rahila ta sa aka share, aka sa gado da kujera da fanka. Nan Elisha ya ajiye akwatunansa.

Idan aka ce a ba da labarin rayuwarsa a can Amurka, ba ƙaramin labari ba ne. Karatu ya kai shi wata jiha ta can arewa, inda ƙanƙara ke rufe ƙasa rabin shekara. Ya yi wanke-wanke a gidan abinci, ya yi gadi, har ya gama karatun lauya. Aikinsa na farko shi ne kare waɗanda aka kama ba su da halin ɗaukar lauya. Ya daɗe yana wannan, yana shiga gidajen yari da sassafe da jakarsa a hammata, har alƙalai suka san muryarsa kafin ya shigo. Daga nan aka naɗa shi alƙali, ya zauna a kotun da ke sauraron rikicin iyali da na yara masu laifi. Da ya ajiye baƙar riga, mutanen unguwarsa suka matsa masa ya tsaya takara, ya shiga majalisar jihar, aka yi ta sake zaɓensa. A ƙarshe aka sake yanka mazaɓu, aka haɗa shi da mutanen da ba su san shi ba, wani yaro sa'an 'yarsa ya kayar da shi. Bai ji zafin faɗuwar sosai ba, don a lokacin matarsa Marjori tana kwance. Ya yi jinyarta har ta rasu. 'Yarsu ɗaya, Jummai, wadda ya sa wa sunan mahaifiyarsa, tana aure a wani gari mai nisa, da 'ya'yanta biyu da aikinta na asibiti. Sai ya zama shi kaɗai a gida mai ɗakuna da yawa, yana dafa shayi kofi ɗaya, yana kallon ƙanƙara ta taga. Wata safiya ya ji kansa yana magana shi kaɗai da Hausa a gaban madubi, sai ya ɗauki waya ya kira Rahila.

To amma a Unguwar Dosa ba wanda ya san duk wannan. Abin da aka sani shi ne wani tsoho ya sauka a gidan Sagir, wai daga Amurka, kuma Kirista ne, kuma yana wata irin Hausa ta mutanen da. Yana cewa sisi da taro, yana tambayar inda ake hawa motocin da aka daina gani tun kafin a haifi masu shaguna. Ana gaishe shi da ladabi. Mai shayi yana miƙe masa benci, mai kanti yana cewa, "Baba Ba'amurke, an fito?" Amma daga gaisuwa ba a ƙara komai. Idan ya zauna a majalisar dattawan da ke gindin dalbejiya, sai hira ta yi sanyi, kowa ya koma tauna goronsa. Ba ƙinsa suke yi ba. Ba su san me za su ce masa ba ne, shi ma bai san mutanen da suke zance a kansu ba.

Husaina takan aiko masa da tuwo da yamma, ya ci shi kaɗai a bakin ƙofa. Rahila takan ƙetaro ranar Lahadi ta ɗauke shi zuwa coci, inda fasto ya taɓa sa shi ya miƙe aka tafa masa, daga nan kowa ya manta. Jummai takan kira shi ta bidiyo, ita tana shirin fita aiki, shi rana ta take a kansa. Da Turanci suke magana, don bai taɓa zama ya koya mata Hausa ba. Jikokin sukan leƙo su ɗaga masa hannu su gudu.

Wata Lahadi suna dawowa ya tambayi Rahila, "Wai ina Inuwa? Inuwa na gidan Bakatsine, mai tsaron gida in muna ƙwallo."

Rahila ta ce, "Yana raye. Yana Rigasa wajen 'yarsa. Amma Yaya, ba ka da labari ne? Ciwon mantuwa ya kama shi. An ce ko 'ya'yansa wani lokaci ba ya gane su."

Inuwa shi ne abokinsa na farko a duniya. Katanga ɗaya ta raba gidajensu. Tare suka shiga firamare a ajin Baba Tica, tare suka sha bulala, tare suke zuwa kamun kifi a rafin Malali. Da Sallah Elisha ne ke cin naman gidansu Inuwa, da Kirsimeti Inuwa ne ke cinye shinkafar gidansu Elisha. Da suka girma ɗaya ya wuce kwaleji, ɗaya ya bi mota, ya zama direban babbar mota mai ɗauko auduga daga Funtuwa zuwa masaƙu. Ranar da Elisha zai tafi, Inuwa ne ya ɗaukar masa akwati a ka har tasha. Tun daga nan ba su sake haɗuwa ba. Sau biyun da Elisha ya zo, rasuwar uwa da rasuwar uba, a gurguje ya zo, Inuwa kuma yana kan hanya.

Rahila ta nemo masa lambar 'yar Inuwa, Mardiyya, malama ce a wata makarantar sakandare. Ranar Asabar ya hau keke mai ƙafa uku ya nufi Rigasa. Unguwar ta ba shi tsoro don girmanta. A saninsa daji ne da 'yan gonaki, yanzu kuwa gidaje ne iya ganin ido, da mutane kamar ana rabon wani abu. Mardiyya ta fito bakin lungu ta tarye shi, mace mai natsuwa, da tabarau da babban hijabi. Ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baba, sannu da zuwa. Sunanka kam mun san shi tun muna yara. Sai dai ka yi haƙuri da abin da za ka gani. Yau ya ɗan tashi da sauƙi, amma ba a sa masa rai."

Inuwa yana zaune kan tabarma a rumfar tsakar gida, ya jingina da bango, an ɗora masa hula a karkace. Ya rame ƙwarai. Hannuwan nan da suka riƙe sitiyarin babbar mota sun zama kamar ƙirare. Elisha ya tsaya a kansa. 

Inuwa ya ɗago kai ya dube shi. Sai idanunsa suka yi haske. Ya fara kiciniyar tashi, ya dafa ƙasa, ya tattaro ƙafafunsa da ƙyar har ya samu ya durƙusa, ya sunkuyar da kai.

"Baba Tica! Ina wuni, Baba? Kai da kanka? Ai da ka aiko na zo."

Mardiyya ta buɗe baki za ta gyara masa, Elisha ya ɗaga mata hannu. Ya sauka a hankali ya zauna kan tabarmar, gwiwoyinsa suna ƙara.

"Lafiya lau, Inuwa. Zauna, zauna abinka."

"Ina Elisha, Baba? Shiru tun da ya tafi. Ko ya aiko?"

Elisha ya dubi Mardiyya, ta kawar da kai tana gyara tabarau. Ya dubi abokinsa, wanda ke jiran amsa da fuskar yaro.

"Yana lafiya," in ji shi. "Yana gaishe ka."

"Madalla! Ya gama karatun?"

"Ya gama. Ya zama lauya."

Inuwa ya tafa hannu, ya yi dariya har haƙoransa biyu da suka rage suka bayyana. "Na faɗa! Wallahi na faɗa. Yaron nan ko ƙwallo ta shiga raga ƙiri-ƙiri sai ya yi gardama ya ce ba ta shiga ba."

Elisha ya yi dariyar da ya daɗe bai yi irinta ba, har sai da ya goge ido. Da zai tafi, Inuwa ya ce a kawo wa Baba Tica goro, ya kuma hana shi ɗaukar takalminsa da kansa.

Daga ranar kowace Asabar sai ya je. Ruwan sama ya sauka, lungunan Rigasa suka cika da taɓo, ya sayi takalmin roba. Kullum yadda aka fara haka ake maimaitawa: Inuwa ya durƙusa, ya gaida Baba Tica, ya tambayi Elisha. Kullum kuma Elisha sai ya ƙara masa wani abu daga labarin. Bai yi niyyar haka ba tun farko. Tambaya ce ke jawo tambaya.

Ya ba shi labarin shekarun lauya, yadda Elisha yake zama da mutum a ɗan ɗakin gidan yari, mutumin yana rantsuwa bai yi ba, ko yana kuka ya yi, shi kuma dole ya tsaya masa ko ta yaya. Inuwa ya ce, "Har ɓarawo?" Ya ce har ɓarawo, don ko ɓarawo yana da hakkin a ji ta bakinsa. Inuwa ya girgiza kai ya ce Turawa da abin mamaki suke.

Wata Asabar ya gaya masa an naɗa Elisha alƙali. Inuwa ya yi kabbara, ya kira Mardiyya daga madafa ta zo ta ji.

"Wata rana," in ji Elisha, "aka kawo gabansa wani mutum baƙi, dogo, da zane a kumatu. An ce ya bar ɗansa shi kaɗai a gida ya tafi aiki, hukuma ta ɗauke yaron. Ana ta yi masa tambaya da Turanci, shi kuwa sai ɗaga kai yake yi, komai aka ce ya ce e. Elisha ya duba sunansa, ya duba zanen nan, sai ya sunkuyo daga kan kujera ya ce masa, ‘Malam, daga ina?’ Mutumin nan ya zabura kamar an tsikare shi. Ya ce, ‘Daga Maraɗi, ranka ya daɗe.’ Sai hawaye."

"Allah sarki! Sai ya sake shi?"

"Ba a yin haka. Alƙali ba ya zama tafintan shari'ar da yake yi. Ɗage zama ya yi, ya ce ba za a ci gaba ba sai an nemo mai jin Hausa. An sha wuya kafin a samu wani ɗalibi a jami'a. Da aka ji ta bakin mutumin, ashe maƙwabciya ya bar wa yaron, ita ce ta fita. Aka mayar masa da ɗansa."

Ya ci gaba ya gaya masa cewa wannan mutumin ne ya sa, da Elisha ya shiga majalisa, abu na farko da ya kawo shi ne ƙudurin da zai tilasta wa kowace kotu ta samar da tafinta ga duk wanda ba ya jin Turanci. Aka yi watsi da shi, ya sake kawowa, aka sake watsarwa. Ya bi 'yan majalisa ofis ofis, ya sha shayin da ba ya so, ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, sai bayan shekaru ya zama doka. Ranar da aka sa hannu ya koma gida ya tarar Marjori ta yi masa tuwon garin masara, wanda ta koya don shi, ya yi ruwa kamar kunu, suka sha da cokali.

A Amurka ya sha ba da wannan labari a taruka, ana tafi. Bai taɓa ba da shi da Hausa ba. Da Hausar sai ya ji labarin ya zama wani iri, ƙarami, mai ɗumi, kamar na wani yaron unguwa da ya yi abin kirki. Inuwa ba ya riƙe komai. Kafin wata Asabar ya manta, sai a sake daga farko. Elisha bai damu ba.

Sau ɗaya ya gwada faɗa masa gaskiya. Ranar Inuwa ya tashi garau, har ya gane Mardiyya ya kira sunanta. Elisha ya kama hannunsa ya ce, "Inuwa, dube ni da kyau. Ni ne Elisha. Ni ne na dawo."

Inuwa ya ƙura masa ido, ya daɗe. Sai fuskarsa ta yamutse, ya fizge hannunsa.

"A'a. Elisha yaro ne. Don me za ka yi mini haka, Baba? Ko wani abu ya same shi ne kuke ɓoye mini?"

Ya fara kuka, yana kiran mahaifiyarsa da ta daɗe a ƙasa. Da ƙyar Mardiyya ta lallashe shi. Elisha ya fito ba sallama, ya yi ta tafiya a ƙasa cikin yayyafi har ya wuce inda ake hawa keke bai sani ba. A satin bai fita ko'ina ba. Tuwon Husaina ma sai ya koma da saura, har ta turo Sagir ya tambaya ko jiki ne. Ya ce gajiya ce.

Ranar Asabar bai je ba. Da yamma Mardiyya ta kira.

"Baba, lafiya? Tun safe yake kallon ƙofa. Bai san me yake jira ba, amma yana jira."

Washegari bayan coci ya sa Rahila ta sauke shi a Rigasa. Inuwa ya durƙusa, ya gaida Baba Tica, kamar ba abin da ya faru. Suka zauna, ruwa yana ɗiga daga bakin kwano cikin bokiti. Can sai Inuwa ya yi wata tambaya da bai taɓa yi ba.

"Baba, a can ɗin, yana da mutane? Wa yake hira da shi da yamma?"

Elisha ya buɗe baki zai ce yana da su da yawa. Ya tuna ɗakin taro cike da mutane, da hotunansa a bangon kotu, da waɗanda suka zo jana'izar Marjori suka cika coci, sannan suka watse, wayarsa ta yi shiru.

"Matarsa ta rasu," in ji shi. "'Yarsa tana nesa. Abokan aiki kuwa, ka san aiki in ya ƙare. Yawanci shi kaɗai yake zama."

Inuwa ya yi tagumi. Ya daɗe yana kallon bokitin.

"To ai sai ya dawo. Me yake jira? Ka ce masa in ji ni ya dawo. Ko ba komai ga ni nan, in na sauke kaya sai mu zauna."

"Zan gaya masa."

"Kar ka manta, Baba."

"Ba zan manta ba."

Inuwa ya rasu ana tsakiyar damina, ranar wata Talata da hantsi. Mardiyya ta kira shi da kanta, muryarta a dashe, ta ce bayan azahar za a yi jana'iza. Ya sa farar riga ya fita, amma ruwa ya cinye wani ɓangare na hanya, motoci suka cushe. Kafin ya isa an riga an yi salla, an ɗauko makara. Ya bi bayan mutane da sandarsa har maƙabarta, ya tsaya daga gefe, gindin wata bishiya, ya cire hularsa ya riƙe. Daga nan yana hango yadda ake miƙa tukwane da itace, ana cuɗa ƙasa. Ba a daɗe ba aka gama. Mutane suka juyo suna wuce shi, wasu su ɗan dube shi, wasu su miƙa masa hannu don ganin furfurarsa.

A wurin zaman makoki aka ba shi kujerar roba a ƙofar gida. Wani dattijo da ke kusa ya gaishe shi, ya ce, "Malam, ban waye ka ba. Daga cikin direbobi ne?"

"A'a. Abokinsa ne na yarinta."

"Allah sarki. Allah ya ba mu haƙuri." Ya juya ya ci gaba da jan carbinsa.

Da zai tafi, Mardiyya ta aiko a shigo da shi soro. Idanunta sun kumbura. Ta durƙusa, ya ce ta tashi, ta ƙi.

"Baba, akwai abin da nake so ka sani. Lokacin da yake da lafiya, duk sanda aka ambaci Amurka a rediyo sai ya ce mu yi shiru. Ya ce yana da aboki alƙali a can. Goggo Rahila ce ta gaya masa, wata rana da suka haɗu a kasuwa. Har tsokanarsa abokansa suke yi, suna cewa ƙarya yake. Shi kuwa sai ya ce su jira, wata rana za su gan ka."

Elisha ya gyaɗa kai. Ya so ya ce wani abu mai ma'ana, shi da ya yi rayuwarsa yana magana a gaban mutane, amma abin da ya fito kawai shi ne, "Allah ya ji ƙansa. Allah ya yi miki albarka, 'yata."

Asabar ɗin da ta biyo ya tashi da wuri, ya yi wanka, ya sa kaya, sannan ya tuna ba inda za shi. Ya zauna a bakin gado da takalmi a ƙafa har rana ta yi tsaka.

Da Jummai ta kira ya ba ta labarin rasuwar. Ta yi masa ta'aziyya, sannan ta ce abin da ta daɗe tana so ta faɗa: ya isa haka, ya dawo, akwai wani gidan tsofaffi mai kyau kusa da ita, da lambu da likita, za ta riƙa leƙa shi duk mako. Ya ce ya ji, zai yi tunani. Sai shi ma ya faɗi nasa. Ya ce me zai hana ita ta zo da yara da Kirsimeti, su ga gidan kakansu, ta ga goggonta, ko na sati ɗaya ne. Ta dubi wani abu a gefe, ta ce aiki ya yi yawa, kuma sai ta yi magana da mijinta. Ta ce za a gani.

Rahila ma ta sake kawo tata maganar, ta ce yanzu kam ba abin da ya riƙe shi a wannan ƙetaren. Ya ce mata ya saba da ɗakin, kuma mai shayi ya fara sanin yadda yake son shayinsa. Ta harare shi, ta ƙyale.

Da ruwa ya ɗauke ya kira mai gyara aka canja kwanon da ke yoyo, aka yi wa ɗaki na biyu fenti mai ruwan ƙwai. Sagir ya taya shi fitar da tsofaffin kujeru. Wata Litinin ya roƙi Rahila ta raka shi kasuwa. Ta ɗauka magani zai saya, sai ta ga ya tsaya a shagon katifu, yana danna wannan yana danna waccan da tafin hannu.

"Yaya, Jummai ta ce za ta zo ne?"

"Ta ce za a gani."

Rahila ta dube shi. Sai ta juya wajen mai shago ta fara ciniki da zafi, kamar ita aka yi wa laifi. Suka ɗauki ƙanana biyu da babba ɗaya, aka ɗaure a saman keke. Da suka iso Unguwar Dosa dattawan gindin dalbejiya suka bi su da kallo, ɗaya ya ɗaga murya ya ce, "Baba, baƙi za a yi ne?"

Elisha ya ce, "Muna dai sa rai."

Aka shigar da katifun ɗakin mai sabon fenti, aka jingina su da bango. Rahila ta ce a cire ledar su sha iska. Ya ce a bar su tukuna, kar su yi ƙura. Ta tafi kafin magariba don ta samu mota. Shi kuwa ya jawo kujerarsa bakin ƙofa ya zauna, yana jin Husaina tana daka a cikin gida.